Matakalar Bene a Ƙarƙashin Gajeren Rufi, Musamman a Dutse

Gabatarwa

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, ta kuma mai da Dutse babban birninta, garin ya shiga wani hali da bai saba da shi ba, watau ƙarancin fili a tsakiyar gari. Ma'aikata suka taso daga Kano, 'yan kasuwa suka biyo su, sa'an nan a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya, ɗalibai masu neman ɗakin haya suka ƙaru a kan na da. A unguwanni irin su Garu da Limawa da Takur da Fagoji, magidancin da iyalinsa suka yi yawa, ko mai shagon da kayansa suka fi ƙarfin shago, in ya duba gabas da yamma ya ga katangar maƙwabci, ba shi da sauran wurin dubawa sai sama.

Hawan nan iri-iri ne. Wani yakan aza ɗaki guda a kan soron ƙofar gida. Wani yakan raba tsawon shagonsa biyu da katako, ya mai da saman ma'ajiyar kaya. Wani kuma yakan lura da sararin da ke zaune a banza tsakanin silin da dogon rufin kwano irin na yanzu, ya yi sha'awar mai da shi ɗaki. Dukkansu abu ɗaya ke haɗa su: rufin da ke sama gajere ne, wurin da za a kafa matakala kuma ƙunci ne. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bayyana yadda ake tsara matakala a irin wannan wuri, ta kuma nuna cewa ko da yake ƙafa ce ke taka matakala, kai ne ke yanke hukuncin inda za ta tsaya da tsawon da za ta ci.

Kalmomin da ake bukata

Bahaushe ya bambanta tsani da matakala. Tsani, ko kwaranga, abu ne da ake jingina wa bango ko rumbu, a hau shi da hannu da ƙafa, a sauko ana fuskantarsa, a kuma ɗauke shi in an gama. Matakala kuwa gini ce, tana zaune wuri ɗaya, ana sauko ta ana ba ta baya, hannu kuma yana iya riƙe da wani abu. Kalmar tana ɗauke da ɗafa-goshin ma- irin na makaranta da mahauta, tushenta kuwa ɗaya ne da na taka da taki da mataki. Wannan bambanci yana da amfani, domin yawancin abin da ake kafawa a shaguna ana kiransa matakala, alhali a awo tsani ne da aka buga wa ƙusa.

Don sauƙin bayani, a nan za a kira tsawon da ƙafa ke ɗagawa daga mataki zuwa mataki da sunan tashi, faɗin da ƙafa ke sauka a kansa kuma shimfiɗa. Filin da ake bari a tsakiya ko a ƙarshen matakala don a juya shi ne mahuta. Ramin da ake bari a daɓen bene don matakala ta ɓullo shi ne baki. Tazarar da ke tsakanin mataki da duk abin da ke bisa kan mai hawa kuwa, ita ce sararin kai.

Matakalar magina na da

Bene ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Sarakuna da attajiran Kano da Zariya da Katsina sun gina shi da tubali da azara tun kafin zuwan siminti, har Gidan Ɗan Hausa da ke Kano, inda Hanns Vischer ya zauna a farkon ƙarni na 20, yana nan tsaye da benensa. Hasumiyar Gobarau ta Katsina da ta masallacin Agadas, wadda tsawonta ya kai mita 27, duk ana hawansu da matakalar ƙasa, ta Agadas ɗin ma tana ƙara matsewa gwargwadon yadda aka yi sama. Magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ba su da abin awo na ƙarfe. Awonsu jikin mutum ne, kamu da gaba da taki, sauran kuma ido ne da sabo.

Abin da ya fi takura wa waɗannan magina shi ne azara. Itacen giginya da aka tsaga ba ya ɗaukar nauyin ƙasa a tazarar da ta wuce kimanin mita 1.8 sai ya lanƙwashe, shi ya sa aka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga don a rufe babban ɗaki. Rufin da aka ɗaure ta wannan hanya ba ya yarda a huda shi a tsakiya, domin kowace azara tana dogare ne da 'yar'uwarta. Saboda haka sai magini ya kai matakala gefe, ya manna ta da bango, ko ya matse ta a wani lungu tsakanin bangaye biyu, ya yi ta ƙunci, tashinta da tsawo, domin kowane taki da ta ci daga ɗaki aka rage shi. Bangayen nan biyu su ne madafa, wanda ya yi tuntuɓe ba shi da gefen da zai faɗa. Ƙasa kuma ba ta da kaifi kamar kankare, tana lotsawa a tsakiya inda ƙafa ta saba sauka, a yaɓe ta in ta zaizaye.

Akwai kuma wata al'ada da ta rufa wa tsohuwar matakala asiri. Ƙofofin ɗakuna na da gajeru ne, mutum ya tashi tun yana yaro ya saba da sunkuyawa in zai shiga ɗaki. Masu hawa benen ma ba su da yawa, galibi turakar maigida ce ko ma'ajiyarsa. Amma sunkuyawa a kan daɓe daban take da sunkuyawa a kan matakala. Wanda ya sunkuya a bakin ƙofa ƙafafunsa biyu suna ƙasa ɗaya. Wanda ya sunkuya yana saukowa kuwa, nauyinsa ya riga ya karkata gaba, ƙafarsa ɗaya tana iska, sunkuyon sai ya ƙara tura shi inda ba ya so. Kuskuren da ake yi yanzu shi ne a ɗauki ƙuncin tsohuwar matakala da tsayinta, a zuba su da kankare, a lulluɓe da tayil mai santsi, a cire bangon gefe guda, sa'an nan a ce yara da tsofaffi da 'yan haya su yi ta hawa dare da rana.

Dokoki biyu

Duk mai son yin bene a Dutse dokoki biyu ke kansa, ɗaya tsohuwa, ɗaya sabuwa. Tsohuwar ita ce ta maƙwabtaka, wadda malaman mazhabar Malikiyya suka gina a kan ƙa'idar hana cuta. An ruwaito cewa Kharija ɗan Huzafa ne ya fara gina ɗakin sama a Fusɗaɗ ta Masar, da labari ya kai wa Halifa Umar sai ya rubuto wa Amru ɗan Asi a kan batun, don gudun kada a riƙa leƙen gidajen mutane. A ƙarni na 14 wani magini na Tunis mai suna Ibn al-Rami ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafi guda, inda tagogi da rufin soro masu leƙen maƙwabci suka sami babban kaso. A ƙasar Hausa ma, a ƙarni na 19, Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Khalidu ya rubuta a kan irin waɗannan rigingimu na gidaje da hanyoyi. Wannan doka ta shafi matakala kai tsaye. Hanya mafi sauƙi ta kauce wa gajeren rufi ita ce a fitar da matakala waje, a jikin bango, inda babu abin da ke bisa kai sai sararin samaniya. To amma wanda ya kai mataki na goma a irin wannan matakala idonsa ya riga ya haye katanga, ya faɗa tsakar gidan da ke kusa. Ko dai a yi mata bangon kariya da ya wuce tsawon mutum, ko a mai da ita ciki, in kuwa ta koma ciki matsalar sararin kai ta dawo.

Sabuwar dokar ita ce ta takarda. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta wajabta neman izini kafin a yi gini ko a sauya shi, a 2006 kuma aka fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa, wanda aiwatar da shi ya rataya a wuyan jihohi. Ƙarin bene a kan tsohon gida sauyi ne da ke bukatar zane da amincewar hukumar raya birane ta jiha, ko da kuwa ɗaki ɗaya ne. Masu zanen gini a Nijeriya sun fi ba da tashi na santimita 15 zuwa 18, da shimfiɗa ta santimita 25 zuwa 30, alƙaluman da ba su yi nisa da na Ingila ba, inda aka gado yawancin tsarin koyar da sana'ar. Dokar Ingila ta gidajen zama ta ce kada tashi ya wuce santimita 22, kada shimfiɗa ta gaza santimita 22, kada tsayin matakala ya haura digiri 42, sararin kai kuma mita 2. Amurkawa sun fi tsanani a wajen ƙafa, domin tashinsu ba ya kai santimita 20, shimfiɗarsu ba ta gaza 25, sararin kansu kuwa ƙafa 6 da inci 8 ne, watau mita 2 da santimita 3.

Awon ƙafa

Alƙaluman nan ba daga sama suka faɗo ba. Wani Bafaranshe masanin gini mai suna François Blondel, a littafin darussan gini da ya fara bugawa a 1675, ya lura cewa takin mutum a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana raguwa da zarar ya fara hawa, kowane inci ɗaya na tashi yana cinye inci biyu na tafiya. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da ake bi har yau: a ninka tashi sau biyu, a tara da shimfiɗa, jimlar ta zo daidai da taki guda, wanda yanzu ake ɗauka tsakanin santimita 60 da 65. Ashe shi ma da taki ya auna, kamar maginan Zariya, bambancin kawai shi ya rubuta nasa.

Alal misali, a ɗauki gidan bulo wanda daga daɓen ƙasa zuwa daɓen bene akwai mita 2 da santimita 88. In aka raba wannan gida 16 za a sami tashi na santimita 18 daidai. Shimfiɗar da ta dace da shi ita ce santimita 27, domin 18 sau biyu 36 ne, a tara da 27 ya zama 63. Shimfiɗu kullum suna gaza tashi da ɗaya, saboda daɓen bene shi ne mataki na ƙarshe, don haka 15 ne, tsawonsu gaba ɗaya mita 4 da santimita 5. A ƙara da wurin tsayawa a gindi, wanda bai kamata ya gaza faɗin matakalar ba, a ce santimita 90, sai ga shi an doshi mita 5. Ɗakin da aka saba ginawa kuwa ƙafa 12 ne, watau kimanin mita 3.6. Tun a nan mai gida zai gane cewa miƙaƙƙiyar matakala ba za ta shiga ɗakinsa ba. Abin da birkila kan yi in aka matsa masa shi ne ya rage yawan matakai zuwa 12, tashi ya koma santimita 24, ya kuma tsuke shimfiɗa har diddige ya rasa wurin zama. Saurayi zai hau wannan bai damu ba. Matar da ta ɗaura zane, wanda ba ya barin ƙafa ta buɗe sosai, da dattijon da ke tattare babbar riga da hannu ɗaya, su ne za su biya kuɗin wannan ragi.

Awon kai

Sararin kai a wurare biyu yake ƙarewa, a ƙasa inda matakala ke shigewa ƙarƙashin daɓen bene, da a sama inda take ɓullowa ƙarƙashin rufi. Ana auna shi ne a miƙe zuwa sama daga layin da ya haɗa leɓunan matakai, ba daga tsakiyar shimfiɗa ba. Dalili kuwa shi ne, mai saukowa kansa yana riga ƙafarsa, goshinsa yana isa gefen kankare alhali nauyinsa yana kan matakin baya, wanda ya fi tsawo.

A koma ga misalin da ya gabata. In kaurin daɓen bene, da kankare da filasta, ya kai santimita 18, to cikinsa yana mita 2.7 daga ƙasa. Don a bar wa kai mita 2, ba a yarda mutum ya kasance ƙarƙashin kankaren ba da zarar ya ɗaga sama da santimita 70. Mataki na uku yana santimita 54, ya tsira. Na huɗu yana 72, ya riga ya shiga haramun. Ma'ana, matakai uku na farko kaɗai daɓen zai iya rufewa, sauran goma sha biyun dole su kasance a buɗe, bakin da za a bari kuwa tsawonsa ya kusa mita 3.3. Mutane da yawa in aka gaya musu wannan sukan yi mamaki, domin a zatonsu rami ne da mutum zai iya wucewa ta ciki kawai ake bukata, kamar bakin rijiya. In aka bar baki na mita 2.4, watau tsawon falankin filawud guda, sararin kai a gefen kankaren ba zai wuce mita 1.42 ba, daidai haƙarƙarin dogon mutum. In kuma akwai gungumen kankare da magina ke kira bim a gefen bakin, ya sauko da santimita 30, to daga cikinsa za a auna, bakin ya koma neman mita 3.7. Ga wanda ya mance da wannan lissafi har aka zuba kankare, gyara ya yi tsada, domin faɗaɗa baki yana nufin yanke rodi, rodin nan kuwa shi ke riƙe da daɓen. Ba aikin guduma da kurfi ba ne, sai injiniya ya duba ya faɗi inda za a tallafa. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane, matakala kuwa ita ce abin da aka fi bari sai an gama gini sa'an nan a nema mata wuri.

Na sama ya fi wuya, musamman ga mai son ɗaki a cikin rufin kwano. Rufi mai gangara biyu tsawonsa a tsakiya yake, yana raguwa zuwa bango har ya ƙare. A ɗauki gida mai faɗin mita 8. In gangarar rufinsa digiri 30 ce, yana hawa santimita 58 a kowace mita, ƙololuwarsa tana mita 2.3 bisa kan bango. A cire kimanin santimita 20 na katako da silin, saura mita 2.1. Wurin da ya kai mita 2 a cikin wannan rufi ɗan siririn layi ne a tsakiya wanda bai kai santimita 40 ba, bai ishi kafaɗun mutum ba. Rufin da daga titi ake ganinsa kamar zai ɗauki ɗaki, a ciki ba ya ɗaukar tsayuwa. In gangarar ta kai digiri 40, ƙololuwa tana haura mita 3.3, filin tsayuwa ya wuce mita 2.5 a faɗi. Wanda rufinsa bai kai haka ba, mafitarsa ita ce ya ɗaga bango kafin a aza rufi. Layi huɗu na bulo mai inci 9 suna ba da santimita 90, wannan kaɗai ya isa ya buɗe layin nan na santimita 40 ya koma kusan mita 3.5.

Daga wannan lissafi ƙa'ida ɗaya ta fito, ita ce matakala ta ɓullo a ƙarƙashin ƙololuwar rufi. Sha'awar mai gida ita ce a manna ta da bangon waje don kada ta tsaga ɗaki, amma nan ne rufi ya fi kusa da ƙasa. In dole ne ta bi bangon waje, to ta fara daga can a ƙasa, ta hau tana nufar tsakiyar gida, ta yadda rufin zai riƙa ɗagawa tare da mai hawa. Haka kuma katakon da ke riƙe da silin ba a yi shi don a taka ba, wanda ke kwance yana ɗaure ƙafafun rufi kuwa in aka sare shi don a buɗe baki, rufin zai fara tura bangaye waje.

Ingila, inda mai da cikin rufi ɗaki ya zama ruwan dare, ta yi sassauci a wannan wuri. Dokarta ta yarda a irin wannan aiki sararin kai ya sauko zuwa mita 1.9 a tsakiyar matakala, da 1.8 a gefen da rufi ya gangaro. Sai dai kafin a ari wannan sassauci ya kamata a tambaya, kan wa aka auna? An auna kan Bature ne wanda ke yawo a gidansa ba hula. A ƙasar Dutse namiji ba ya rabuwa da hula, mai sarauta da malami suna da rawani, mutum mai tsawon mita 1.8 kuma ba abin kallo ba ne. Yarinyar da aka aika da kwanon tuwo sama a kanta za ta ɗora shi, yaron shago ma da kai yake hawa da katan ɗin kaya. Mai goyo kuwa in ta sunkuya ta kauce wa kankare, kan jaririn da ke bayanta ne ke ɗagowa ya maye wurin nata. Saboda haka mita 2 da wasu ƙasashe suka ɗauka isasshe, a nan ya fi dacewa a ɗauke shi a matsayin mafi ƙaranci, inda hali ya yi a kai shi mita 2.1 ko fiye. Wannan ba ya cikin kowane kundi da aka aro daga waje, amma duk wanda ya taɓa ganin hula ta gangaro daga bene kafin mai ita ya san da shi.

In wuri ya ƙi

Matakalar da ta fi dacewa da ɗakin ƙafa 12 ita ce mai naɗewa biyu, a hau rabi, a juya a mahuta, a hau sauran ana fuskantar inda aka fito. A misalin nan kowane rabi yana da tashi 8 da shimfiɗa 7, tsawonsa mita 1.89, a ƙara mahuta ta santimita 90, jimla mita 2.8, faɗi kuma mita 1.8 da ɗan ɗori. Ta fi cin faɗi, amma tana da fa'idodi biyu. Wanda ya zame matakai bakwai zai gangara ya tsaya, ba goma sha biyar ba. Sa'an nan juyawar tana ba mai zane damar zaɓar inda za ta ɓullo, ya kai ta ƙarƙashin ƙololuwa ko da daga gefe ta fara.

In mahuta ba ta sami wuri ba, akan maye ta da matakai uku masu siffar yankan kankana, masu faɗi a waje da tsini a ciki. Suna rage tsawo, amma ɓangaren tsinin ba ya ɗaukar ƙafa, kuma nan ne hannu ke jan mutum in yana sauri. Mai murɗewa kamar katantanwa, wadda masu walda ke ƙerawa da ƙarfe, ita ta fi kowace tsimin wuri, sai dai kowane matakinta yankan kankana ne, mai hawa kuma yana bi ta ƙarƙashin matakan da ke samansa, don haka sararin kai ya zama abin lissafi a duk zagaye. Akwai kuma wata da ake yanke rabin kowane mataki, na dama da na hagu bi da bi, wadda Ingila ta yarda da ita in ɗaki ɗaya tak za ta kai mutum, kuma babu wurin yin wata, da sharaɗin madafa a gefe biyu. Wannan ta dace da ma'ajiyar shago, ba ta dace da ɗakin kwana ba.

Kafin a zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, yana da kyau mai gida ya tuna cewa ba mutum kaɗai ke hawa bene ba. Ranar jere, gado da katifa da kabad ɗin amarya duk ta nan za su bi, an sha ganin kafinta yana kwance sabon gado a tsakar gida, ko ana jan kujera da igiya ta taga. Akwai kuma ranar da za a sauko da marar lafiya a hannu, mutum biyu a gaba da baya. Matakalar da faɗinta ya gaza santimita 90, ko mai murɗewa, ba ta ba da wannan hanya. In gobara ta tashi a ƙasa kuwa, bakin matakala shi ne mafitar hayaƙi, shi ya sa ba a so gindinta ya kasance a madafi ko kusa da inda ake ajiye janareta da fetur, musamman da yake tagogin yanzu duk an datse su da ƙarfe saboda ɓarayi.

Abin da ke ɓata aiki bayan an gama

Ƙafa tana koyon matakala a taki biyu ko uku na farko, daga nan sai ta ci gaba da kanta ba tare da ido ba. Don haka matakai masu tsawo amma daidai da juna sun fi aminci a kan masu sauƙi da ɗaya ya saɓa. Dokar Amurka ba ta yarda bambanci tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta ya kai santimita 1 ba. A nan kuwa gini a hankali ake yinsa, gwargwadon samu, a zuba matakala bana, a sa tayil baɗi ko bayan shekara uku. In aka ɗaga daɓen ƙasa da santimita 5 na siminti da tayil aka bar matakalar yadda take, tashin farko ya koma 13. In aka yi wa daɓen bene haka, na ƙarshe ya koma 23, sararin kai a ƙarƙashin rufi kuma ya ragu da wannan 5 ɗin. Maganinsa shi ne a yi lissafi tun farko daga daɓen da aka gama zuwa daɓen da aka gama, a zana layinsa a bango kafin kafinta ya buga katakon zubi.

Tayil mai ƙyalli a kan mataki, a gidan da ake alwala sau biyar a yini ana hawa da jiƙaƙƙen silifa, tarko ne, gara mai kaushi ko siminti da aka yi wa zane a leɓe. Madafa kuma tsawonta santimita 90 ne daga leɓen mataki, ta kasance abin da hannu zai iya damƙewa, ta bi matakalar tun daga gindi har sama ba yankewa, ta kuma zagaye bakin da ke daɓen bene. Masu walda suna son barin tazara mai faɗi tsakanin sandunan ƙarfe don ado da tsimin ƙarfe. Ƙa'idar ita ce tazarar ta gaza santimita 10, domin inda jikin ƙaramin yaro ya wuce kansa na iya maƙalewa, a kuma guje wa sanduna na kwance, waɗanda yaro ke mai da su tsani.